Marsandin da Baba ya bari: mu miƙa wa marayu ko mu sayar?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Mahaifinmu ya rasu wata takwas ke nan, Allah ya jiƙansa. Cikin abin da ya bari akwai Marsandi S350 ƙirar 2008, baƙa, wadda ya sayo daga Kwatano a 2014. Tana garejin gidanmu a unguwar Arkilla cikin Sakkwato, tun ranar da aka kwantar da shi asibiti ba wanda ya tada ta. Ya taɓa cewa, a gabana da gaban wani amininsa, idan ya mutu a ba marayu motar. Bai rubuta ba. Mu tara ne 'ya'yansa, biyu ba su balaga ba, ga matansa biyu. Ni ne babba. Niyyata in wanke ta, in kai wani gidan marayu in miƙa makulli. Ƙanena ya ce a sayar a ba da kuɗin. Inna kuwa ta ce ba za ta iya ganin baƙo yana yawo da ita cikin gari ba. Me kuke gani?

Bakanike:
Allah shi jiƙan Alhaji. Yallaɓai, na fi shekara ashirin ƙarƙashin mota, bari in gaya maka gaskiya: wagga mota ba a ba talaka ita. Ba sifirin ke ɗauke da ita ba, iska ce cikin jakunkunan roba. In ta daɗe a aje, ga zafin Sakkwato da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, robar sai ta tsage, wata rana ka buɗe gareji ka iske ta gurfane kamar raƙumi. Je ka duba ma yanzu. Kuma ba kowane gareji ke taɓa ta ba, sai mai kwamfuta, kayanta kuwa sau da yawa sai an aiko daga Kano ko Legas. Ga inji mai silinda shida, lita 3.5. Lokacin da Alhaji ke hawanta, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba. Tunda anka cire tallafi a watan Mayun 2023, kowa ya san inda munka kwana. Gidan marayun da ke fafutukar buhun shinkafa, da mi za su ciyar da ita?

Malamin Islamiyya, Runjin Sambo:
Ɗan uwa, kafin zancen shokoba akwai zancen haƙƙi. Tun lokacin da mahaifinku ya cika, motar ta shiga dukiyar gado, ba ka da ikon kyautar da ita kai kaɗai don kana babba. Maganar da ya yi wasiyya ce, kuma wasiyya ba sai an rubuta ba, amma sai ta tabbata da shaidu ko magada su yarda. Tsarin shi ne a fara biyan bashinsa, sannan a zartar da wasiyya cikin sulusin abin da ya rage, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, sannan a raba gado. In kuɗin motar bai wuce sulusi ba, shi ke nan. In ya wuce, abin da ya haura sai da amincewar magada, su kuma yaran nan biyu ba mai ikon yafe rabonsu a madadinsu. Kar ka manta su ma marayu ne. Ku ɗauki aminin nasa ku je gaban alƙali, a rubuta komai. A can za ku tambaya ko lafazinsa ya ba da damar a sayar.

Wata uwa daga Mabera:
Ni dai ban goyi bayan sayarwa ba. Mutum ya ce a ba da mota, a ba da mota. Da zarar ta zama kuɗi, wannan zai ce a ranta masa, wancan zai ce a cire na gyaran gida, a wayi gari babu motar babu kuɗin. Mun gani a danginmu. Ku ba su, in sun ga dama su sayar da kansu.

Ma'aikaciyar wata ƙungiyar tallafa wa marayu:
Hajiya, tsoronki gaskiya ne, amma bari in faɗi abin da ya same mu. An taɓa ba mu babbar mota irin wannan. Mun yi murna, har hoto aka ɗauka. Wata uku ba ta cika ba giyabos ya tsaya. Da muka tashi sayarwa, dillalai sun san ba mu san kan mota ba kuma a matse muke, suka taya ta kamar tsohon ƙarfe. Abin da ya fi min ciwo ma, wasu masu kawo mana taimako sun ja baya, wai ai ƙungiyar ta yi kuɗi tunda shugabanta na hawan motar alfarma. Abin da muke buƙata kullum shi ne abin da zai kwashi yara goma zuwa makaranta, ko ya kai mai zazzaɓi asibiti da tsakar dare. Ku je ku tambayi gidan da kuke nufi abin da ke damunsu, ba za ku ji sun ce Marsandi ba.

Dillalin motoci:
Ko bayarwa ko sayarwa, nemo takardar kwastam tukuna, tunda ta Kwatano ta shigo. In babu ita, farashi ya faɗi. Sannan a yi canjin mallaka a rubuce, don lambar na ɗauke da sunan Alhaji, duk abin da aka aikata da motar gidanku za a fara zuwa. Kuma kar ka kashe kuɗi wajen fenti. Sabon batir, a zuƙe tsohon man da ke tanki, a tada ta, a kira mutum uku su taya.

Malamin Islamiyya, Runjin Sambo:
Ƙari kaɗan. In alƙali ya yarda a sayar, ku yi tunanin waƙafi. Da Sayyidina Umar ya samu gona a Khaibar, Annabi (SAW) ya nuna masa ya tsare asalinta ya yi sadaka da amfaninta. Keke Napep da za ta riƙa kawo balas kullum, ko shagon haya, ko rijiyar burtsatse, duk sun fi kusa da wannan ma'ana. Jiharmu na da Hukumar Zakka da Waƙafi, ku nemi shawararsu kan yadda ake rubutawa. Hakan ma zai magance abin da Hajiya ke tsoro, kuɗin ba zai kwana a hannun kowa ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Oga bakanike, na je na duba bayan la'asar, wallahi ta zauna ta baya, taya har ta shige ciki. Na samu takardar kwastam a jakar Baba. Aminin nasa ya ce a shirye yake ya ba da shaida, ranar Litinin za mu kotu da ƙanena da kawun yaran. Na karanta wa Inna amsoshinku, ta yi shiru, can ta ce in har sayarwa za a yi, a sayar wa mutumin wani gari. Malam dillali, kana da mai saye a Kano ko Kaduna? Ka yi min magana ta akwatin saƙo.