Ranar da kuka ga gudun iska ya hargitse a jikin abu mai tsini

Malamin fiziks, Argungu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata ɗaliba ta tambaye ni abin da ya sa wani sashe na jikin roka yake ɗaukar zafi fiye da wani, alhali iska ɗaya suke ratsawa. Na rufe tagogin aji na kunna turaren tsinke, muka ga hayaƙin ya tashi siriri kamar zare, sai da ya yi kimanin taƙi guda sannan ya fara karkarwa ya watse. Na ce mata siririyar iskar da ke manne da jikin abin da ke gudu, wadda Ludwig Prandtl ya yi bayaninta a 1904, haka take farawa a natse daga tsini, can baya ta hargitse, kuma daga nan zafin da take zuba wa jikin yakan ninku sau uku ko fiye. Sai dai turare ba zai nuna abin da ke faruwa a ninki 5 na gudun sauti ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa ganin wannan sauyi ya ba mu labari.

Injiniyar ban ruwa, Talata Mafara

Wa'alaikumus salam Malam. Ni a ruwa na gan shi, lokacin da na maimaita gwajin da Osborne Reynolds ya yi a 1883, da tiyo mai haske da sirinji da ruwan bula, ina zura bular cikin ruwan da ke gudu a tiyon tana tafiya siririya kamar zare. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da ƙanena ya jingina da teburin, zaren bular ya tsinke nan take, ban ko ƙara buɗe famfo ba.

Ɗalibin digiri na uku, ɗan Gusau

Yaya, abin da ya same ki shi ne babbar matsalarmu a bututun gwajin iska. Na yi aiki a ƙasar waje da wani ƙarfe mai siffar mazurari, wanda gefensa ya karkata digiri 7 daga tsakiya, a gudun Mach 6, wato ninki 6 na gudun sauti. A irin wannan gudu, abin da ya fi jawo hargitsi wani amo ne da ke maƙalewa tsakanin jikin ƙarfen da siririyar iskar, yana kai da kawo yana ƙara ƙarfi, wanda ake jingina bayaninsa ga masani Leslie Mack. Kunne ba ya jinsa, domin yana kaɗawa sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, sai da na'ura irin ta auna matsi ake kama shi. Amma bangon bututun kansa yana watso hayaniya, shi ya sa iska takan hargitse kusa da tsini fiye da yadda take yi a sararin sama, kuma dalilin ke nan da Jami'ar Purdue ta Amurka ta gina bututu marar hayaniya.

Na taɓa yin asarar mako biyu saboda awona ya nuna sauyin ya matso gaba a gefe ɗaya kawai. Sai da na shafa ƙarfen da farce na ji ɗan tudu a mahaɗar tsinin, wanda ido ba ya gani sosai. Tun daga ranar na daina mamakin abin da ya sa a 2005 aka fitar da ɗan sama jannati ya zare 'yan ƙyallayen da suka leƙo a ƙarƙashin jikin kumbon Discovery kafin ya dawo, don kada su hargitsa iska.

Ɗalibin injiniya, Birnin Kebbi

Ni a kwamfuta nake gwadawa, kuma sau biyu ɗaukewar wuta ta katse mini lissafin kwana uku. Da na sanyaya jikin mazurarin na zaci iska za ta ƙara natsuwa, sai na ga amon ya ƙara girma, har na ɗauka kuskure na yi. Daga baya na tabbatar cewa haka yake: sanyi yana kwantar da igiyoyin da ake gani a ƙaramin gudu, amma wannan amon ƙarfi yake ƙara masa. Yaya na Gusau, ko kun gwada dakusar da tsinin?

Ɗalibin digiri na uku, ɗan Gusau

Mun gwada, ƙanena. Da muka ɗan dakusar da shi sauyin ya ja baya sosai, amma akwai iyaka, domin idan dakushewar ta yi yawa sauyin yakan dawo gaba, kamar yadda Kenneth Stetson ya gani a gwaje-gwajensa, kuma masana suna kan binciken musabbabin hakan.