Suna gayyatata kwamitin 'yan haya, ga bangon ɗakin yarana a jiƙe

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Ingila. Shawara nake nema. Shekarata huɗu a gidan wata ƙungiyar gidajen haya, irin waɗanda ba don riba aka kafa su ba. Makon jiya suka aiko mana da takarda, wai sun ware kuɗi don ayyukan unguwa: lambu a filin bayan bene, ajin yamma na taimaka wa yara da aikin makaranta, da koyar da kwamfuta ga masu neman aiki. Suna son 'yan haya su shiga kwamitin da zai zaɓi wanda za a fara da shi.

Ni kuwa tun sanyin bara bangon ɗakin yarana yake a jiƙe, baƙar fumfuna ta cinye gefen taga, tari ya ƙi barin Hassana. Sau uku ina kiran ofishinsu. Wanda ya kasa gyara min bango, shi ne zai shuka min furanni? Kuma kuɗin nan ba daga hayarmu yake fitowa ba? In shiga ko in share?

Kawu Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba yarinya lafiya. 'Yata, fara da bangon, domin gyaransa hakkinki ne a doka. A Disamban 2020 wani yaro ɗan shekara biyu, Awaab Ishak, ya rasu a Rochdale sanadiyyar irin wannan fumfunar, bayan iyayensa sun yi ta kai kuka. Da sunansa aka yi dokar da ta fara aiki a Oktoban 2025: in aka kai ƙorafin danshi ko fumfuna mai hatsari, dole su bincika cikin kwanakin aiki 10, in abin gaggawa ne kuma cikin awa 24.

Ki daina kiran waya. Rubuta musu, ki ce ƙorafi ne a hukumance, ki haɗa da hotuna da takardar likita. Matakin farko kwanakin aiki 10 gare su su amsa, na biyu 20. In duk da haka shiru, sai ki wuce Housing Ombudsman, wato ofishi mai zaman kansa da ke sauraren ƙorafin 'yan haya irinmu, kyauta ne.

Anti Mai Ɗinki:
Ƙanwata, ki bi maganar Kawu, amma kada ki yar da takardar nan. Ni ma da haushi na fara shiga namu kwamitin. Da na je, duk masu zaman dattawa ne waɗanda 'ya'yansu sun tashi, shi ya sa kullum lambu da benci ake zaɓa. Na ce musu a benenmu akwai matan da ba sa iya karanta wasiƙar Universal Credit, wato tallafin kuɗi na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, kuma ba za su zo ajin da aka sa da yamma ba, lokacin suna kan girki da ɗauko yara. Aka mai da shi ƙarfe goma na safe, aka sa mai kula da ƙananan yara a ɗakin da ke kusa. Daga baya muka roƙi kekunan ɗinki biyu. Yanzu wata maƙwabciyata 'yar Sudan da kanta take kiran ofishin gyara, ba sai ta jira ɗanta ya dawo makaranta ba. Ranar da ta gaya min, wallahi sai da na yi hawaye.

Wani abu kuma: a zaman kwamiti ne na fara ganin shugaban sashen gyara ido da ido.

Baban Sadik:
Hajiya, tambayarki ta kuɗi tana kan hanya. Ƙungiyar ba ta da masu hannun jari da ake raba wa riba, rarar da ta samu cikin aikinta take komawa, kuma yawancinta daga haya ne. Wasu ayyukan da tallafin ƙaramar hukuma ko ƙungiyoyin agaji ake yi. In kin je, ki tambaye su a rubuce: wa zai riƙa kula da lambun bayan shekara ɗaya, kuma za a ƙara shi cikin kuɗin hidima da muke biya kan haya? A wurinmu ba wanda ya tambaya, yau ciyawa ta rufe shi.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Kawu, na tura wasiƙar da hotuna shida. Anti, zaman farko ranar Laraba ne, zan je. Ana barin mutum ya zo da yara?