Musayar Waƙa: Makarantar Eton da Kujerar Mulkin Birtaniya

Ɗan Zazzau ya buɗe da cewa: Assalamu alaikum. Ga tambaya cikin baitoci, kuma ina roƙon duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon da na ɗauko.

Da sunan Allah nake buɗe wannan waƙa,
Ina neman ku taya ni duban lamarin Birtaniya.

A gefen kogin Thames, daura da fadar Windsor,
Akwai makarantar Eton, wadda ta yi suna a duniya.

Sarki Henry na Shida ne ya kafa ta a 1440,
Domin yara 70 da iyayensu ba su da dukiya.

Yau kuɗin shekara guda ya haura fam 60,000,
Albashin ƙaramin ma'aikaci bai kai rabinsa ba, balle ya biya.

Firayim minista 20 ne suka fito daga ɗakunanta,
Tun daga Walpole na farko har zuwa Johnson na jiya.

Shin hazaƙar ƙasa ce ta taru a gida guda,
Ko gadon sarauta ne aka sauya masa kaya?

Dattijon Katsina ya amsa:

Ɗana, na ji tambayarka, kuma ta yi nauyi,
Amma kada zafin rai ya sa mu binne gaskiya.

Churchill da ya ja ƙasar a Yaƙin Duniya na Biyu
Ɗan makarantar Harrow ne, ba Eton ba, can kuma aka koyar da Nehru na Indiya.

Yaro yakan shiga Eton yana ɗan shekara 13,
Ya saba tsayawa gaban manya ya kare hujja ba fargabar zuciya.

Mu ma Gwamna Clifford ya buɗe mana Kwalejin Katsina a 1922,
Ta ba mu Tafawa Ɓalewa da Sardauna, jagororin Najeriya.

Na sha ganin dattawa suna dukan ƙwallon fives da tafin hannu,
Wasan Eton ne, ya zo Arewa ya zauna lafiya.

'Yar Kano ta amsa:

Baba, ina gaisuwa, kuma a gafarce ni in na yi tsauri,
Ba gardama nake nema ba, ƙididdiga na kawo a kan hanya.

Cikin yara 100 na Birtaniya, kimanin 7 ne ke makarantun kuɗi,
Sauran 93 na gwamnati suke, a birni da karkara baki ɗaya.

Amma rahoton gidauniyar ilimi ta Sutton Trust na 2019 ya nuna
Manyan alƙalai 65 cikin 100 ta makarantun kuɗi suka biya.

Ku tuna ƙuri'ar raba gardama ta 2016 kan Tarayyar Turai,
Firayim minista Cameron na cewa a zauna, Johnson na cewa a yi tafiya.

Makarantarsu Eton, jami'arsu Oxford, ƙungiyarsu ta ɗalibai 'yan gata Bullingdon,
Makomar miliyoyi ta koma takarar 'yan gida ɗaya.

Abin da ke ci mini rai shi ne mai yanke kasafin makarantar talaka
Bai taɓa zama ajinta ba, bai san yoyon rufinta ba a damina mai wuya.

Shi kuwa Ɓalewa, Baba, ba ɗan attajiri ba ne,
Kuma ba da fam dubbai aka saya masa gurbi da tarbiyya.

Dattijon Katsina ya sake amsawa:

'Yata, kin kama ni a kan Ɓalewa, na sallama,
Ƙofar da kuɗi kaɗai ke buɗewa ta zama katangar ƙaya.

Na ji gwamnatin Starmer ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100
A kan kuɗin makarantun tun Janairun 2025, ana ta jayayya.

Tsorona shi ne hamshaƙi zai biya bai ko ji a jikinsa ba,
Mai matsakaicin ƙarfi ne zai janye ɗansa ya koma baya.

Idan haka ta faru, ajin zai ƙara zama na 'yan gata zalla,
Ɗan Zazzau, kai da ka tada zancen, yanzu ga taka tambaya.