Fankar 12V ta ƙi yarda in rage mata gudu

Salam jama'a, dan Allah ina neman taimako. Ina da ƙaramar fanka irin ta cikin kwamfuta, 12V 0.2A, waya biyu ce kawai ja da baƙa, adafta nake jona mata. Ƙararta ta yi yawa da daddare shi ne nake so in riƙa rage gudunta.

Na fara saka bolum irin na rediyo mai 10k ohm (ohm shi ne ma'aunin yadda abu ke tare wutar lantarki), ko dai ta tsaya cak ko ta tashi da ƙarfinta gaba ɗaya, ba tsakiya, ƙarshe ma bolum ɗin ya fara warin ƙuna. Na koma resista (ɗan ƙaramin abin da ke rage wutar da ke wucewa), mai 27 ohm yana rage gudun amma zafi yake kamar zai narke, mai 100 ohm kuma fankar ba ta tashi sai na tura ta da yatsa. Yanzu ƙaramin allon PWM na haɗa (mai rage gudu ta hanyar kunna wuta da kashe ta da sauri-sauri), gudun yana raguwa sosai amma da na yi ƙasa da shi sai ta kama wani siririn fito mai shiga kunne, wallahi ya fi ƙarar farko damuna.

Wace hanya ce zan rage gudun irin wannan fankar mai waya biyu ba fito ba zafi?