Zafi a matsematsi bayan aikin kaba, don Allah a taimaka

Salam 'yan uwa. An min tiyatar kaba a gefen dama aka sa raga, ɗinkin ya warke tas amma har yanzu matsematsina na min zugi kamar wutar lantarki, yana sauka har cinya da maraina, ko wando ya goga wajen sai na ji shi, ruku'u da hawa mashin kuwa ba a magana. Anyi sikanin, likita yace kabar bata dawo ba, wai jijiya ce ta maƙale. Ya bani gabapentin da amitriptyline, bacci kawai suke sani, diclofenac kuma ya tada min olsa. Yanzu yana maganar allurar kashe jijiyar, in bata yi ba a yanke ta ko a cire ragar. Akwai wanda aka yiwa allurar nan? Tana daɗewa ko zafin dawowa yake?