Na'urar zaɓe ta fi takarda aminci ne? Kuma ya ake gane ɗan takarar da ya ci kuɗin jama'a?

Nura_Kawo

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah tambaya biyu gare ni da suka tsaya min a rai tun daren jiya. Musu ne ya kaure a majalisarmu wajen mai shayi nan Kawo har wajen sha ɗaya ba a watse ba, wani abokina ya dage wai da an bar mana na'urar nan da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi da ita a 2018 da 2021 da maguɗi ya ƙare a Kaduna, wai komawa takarda da aka yi a 2024 ci baya ne, shi kuma ɗayan har rantsuwa yake wai ai na'ura ita ce babbar ƙofar sata tunda ba ka ganin cikinta, mutum ɗaya daga ofis zai iya juya ƙuri'un unguwa guda. Ni na yi zaɓe da ita a 2021, na danna tambarin jam'iyyar da nake so na fito, amma wlh in ka tambaye ni ina ƙuri'ata ta shiga ban sani ba.

Ta biyu kuma, duk ɗan takarar da ya fito sai ka ga an cika Facebook da TikTok wai ɓarawo ne, magoya bayansa kuma su ce sharri ne na 'yan adawa. To talaka irina da ba shi da kowa a gwamnati ya zai yi ya gane gaskiya? Masu sani a taimaka.

Injiniya_Bashir

Wa alaikumus salam Malam Nura. Abokan naka duka biyu kowa ya riƙe gefen gaskiya, sai dai ina ga kun haɗa abubuwa uku wuri ɗaya shi ya sa musun bai ƙare ba. Akwai na'urar tantance mai zaɓe, ita ce kad rida da Farfesa Jega ya kawo a 2015 wadda har ta ƙi karanta yatsan Jonathan a Otuoke, daga baya BVAS ta maye gurbinta. Akwai ta aika sakamako, wato hoton takardar sakamakon rumfa da ake ɗorawa a IReV, shafin INEC na intanet da ake duba sakamako. Sannan akwai wadda ake jefa ƙuri'ar a cikinta ita kuma ta ƙirga, irin wadda hukumar zaɓen jiharmu ta yi amfani da ita ranar 12 ga Mayu 2018, Kaduna ce jiha ta farko a Najeriya da ta yi haka. INEC ita har zaɓen 2023 da takarda ake dangwalawa, BVAS ba ta ƙirga ƙuri'a ko ɗaya.

Ni aikina kenan manhaja, kuma abin da ke damuna da kashi na ukun nan ba wai wani yaro zai zauna da laftof ya yi kutse ranar zaɓe ba ne, wannan ya fi wuya fiye da yadda mutane ke zato musamman in na'urar ba ta haɗe da intanet lokacin da ake zaɓe. Tsorona yana wajen kafin ranar. Wa ya rubuta manhajar, wa ya duba ta bayan wanda ya rubuta, wa ke riƙe da mabuɗin shiga, a wane sito na'urorin suka kwana wata uku kafin a fito da su, kuma wa ya tabbatar manhajar da aka gwada a gaban jam'iyyu ita ce dai a cikin wadda aka kai Rigasa ko Zonkwa? Layi kaɗan za a ƙara a ce duk ƙuri'a ta goma a mayar wa wane, allon zai nuna maka abin da ka danna daidai, ciki kuma a rubuta wani abu daban, kuma in babu takardar da kai ka gani da idonka ta faɗa akwati wadda za a iya zazzagewa a sake ƙirgawa to babu yadda za a yi a kama. Ban ce an yi haka a Kaduna ba fa, ban da wata hujja. Abin da nake cewa shi ne ko ba a yi ba, wanda ya faɗi ba shi da hanyar da zai gamsu cewa ba a yi ba.

Kuma ba mu kaɗai muka yi wannan tunanin ba. Kotun tsarin mulkin Jamus a 2009 ta ce na'urorin da suka yi zaɓe da su sun saɓa wa tsarin mulki, dalilinta kuwa dole mutumin gari da bai karanta kwamfuta ba ya iya bin diddigin yadda aka ƙirga ƙuri'a. Holand ma sun ajiye nasu sun koma takarda. Namibiya ta fara a 2014 kafin mu, a 2020 Kotun Ƙolinsu ta ce amfani da na'urar ba tare da shaidar takarda ba bai halatta ba. Indiya suna nan suna amfani da tasu amma sun haɗa mata ƙaramar firinta, takarda za ta fito ka gan ta ta gilashi na 'yan daƙiƙu sannan ta faɗa akwati.

Batun aika sakamako kuwa mun gani da idonmu ranar 25 ga Fabrairu 2023, na 'yan majalisa yana hawa IReV na shugaban ƙasa ya ƙi hawa, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce, kuma a Oktoba na shekarar Kotun Ƙoli ta ce IReV ba wurin tattara sakamako ba ne, na kallo ne kawai. A Kenya kuwa a 2017 matsalar aika sakamakon na cikin abin da ya sa kotu ta soke zaɓen shugaban ƙasa gaba ɗaya.

Baba_Sani_TudunWada

Injiniya Allah ya ƙara basira, na ƙaru. Amma ɗana bari in ja ka kaɗan, don kada yara su karanta su ɗauka takarda tsarkakakkiya ce. Ni tun 1999 nake tsayawa ejan a rumfa, na ga akwatin da aka cika tun kafin gari ya waye, na ga inda mutum ɗaya ya zauna da tawada yana dangwale bandir guda, na ga ƙauyen da mutanensa ba su kai ɗari biyar ba ya kawo ƙuri'a dubbai. Na'urar tantancewa ta rage wannan aringizon ƙwarai, duk wanda ya ce ba ta rage ba to bai ga zaɓen 2007 ba. Kuma a yi wa na'urar Kaduna adalci, a 2021 gwamna mai ci El-Rufai da ya kawo ta jam'iyyarsa ta faɗi a rumfarsa ta Unguwar Sarki, 'yan adawa kuma sun ci ƙananan hukumomi a zaɓukan biyu, alhali a 2024 da aka dawo takarda jam'iyya ɗaya ta kwashe 23 ɗin duka. Wannan ni ya tsaya min a rai.

Sai dai abin da na sani shi ne ba a rumfa ake cin amanar zaɓe ba galibi, a wurin tattara sakamako ne, daga mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma, cikin dare, an gaji, ejan ya tafi neman abinci ko an ba shi na goro ya kau da kai, sai 17 ta zama 170. Ko a samu babban jami'i ya tashi ya sanar da abin da ya ga dama, kamar yadda kwamishinan zaɓen Adamawa ya yi a Afrilun 2023 ba a gama tattarawa ba ya ce ga wadda ta ci. Wace na'ura ce za ta hana wannan? Sannan ita ma na'urar ai ɗaukarta ake a gudu kamar akwati, an yi a Igabi a 2021.

Shawarata Nura, kada ka jefa ƙuri'a ka wuce gida. Ka tsaya a ƙirga da babbar murya, a cika takardar sakamakon rumfa ta EC8A, ejan-ejan su sa hannu, a liƙa sakamako a bango, ka ɗauki hoto da wayarka, in an ɗora a IReV ka gwada da naka. Mutum goma a kowace rumfa su yi haka, mai canza lamba zai ji tsoro.

Barista_Aliyu

Baba Allah ya ƙara girma. Ni bari in taɓa tambaya ta biyu don na ga an bar ta.

Malam Nura, ka raba maganar gida-gida. Akwai wanda ake zargi a baki da soshiyal midiya kawai, akwai wanda EFCC ko ICPC suka gayyata, akwai wanda aka gurfanar a kotu da lambar shari'a, akwai wanda aka yanke wa hukunci. Ba ɗaya ba ne. A tsarin mulkinmu na ƙarshen ne kawai yake hana takara, shi ma na shekara 10 daga hukuncin in laifin na zamba ne ko rashin gaskiya. Don haka mutum zai iya samun shari'a a kansa yana yaƙin neman zaɓe kuma doka ba ta hana shi ba, in ya ci gwamna ko mataimaki sashe na 308 ya lulluɓe shi da rigar kariya sai ya sauka.

Amma kada ka ce tunda kotu ba ta kama shi ba to mai tsabta ne, nan ne mutane ke ruɗewa. Shari'ar tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba sun fi shekara 10 ana yi kafin a ɗaure su a 2018, a 2022 kuma aka yi musu afuwa. James Ibori, tsohon gwamnan Delta, kotu a nan gida ta sallame shi a 2009, sai a Landan aka ɗaure shi shekara 13 a 2012. Orji Kalu, tsohon gwamnan Abiya, an yanke masa hukunci a Disambar 2019, Kotun Ƙoli ta rushe a 2020 saboda alƙalin ya riga ya samu ƙarin girma zuwa kotun ɗaukaka ƙara lokacin da ya ƙarasa shari'ar. Ɗaya gefen kuma gaskiya ne ana amfani da zargi a ɓata abokin hamayya, sai ka ga fayil ya farka dab da zaɓe ya koma barci da mutum ya sauya sheƙa, don haka kamu shi kaɗai ba hujja ba ne.

Abin da kai za ka iya da kanka: kowane ɗan takara yana cika fom EC9 da rantsuwa, makarantun da ya yi, ayyukan da ya riƙe, kuma dokar zaɓe ta 2022 ta ce a liƙa shi a mazaɓarsa jama'a su gani. Kada ka raina wannan takardar, matsalar takardun mataimaki ce ta sa David Lyon ya rasa kujerar gwamnan Bayelsa a Fabrairun 2020 ana gobe rantsarwa. In ya taɓa zama ɗan majalisa nemi ayyukan mazaɓar da aka rubuta da sunansa a kasafin kuɗi, masu sa ido na shirin Tracka suna bibiyar irin waɗannan, sai ka je wurin da ƙafarka ka ga ko rijiyar burtsatsen tana nan. In ka san sunan kamfanin da ya yi kwangilar ka bincika rijistarsa a hukumar rijistar kamfanoni CAC ko na ƙaninsa ne. Takardar bayyana kadarori da suke kai wa hukumar ɗa'ar ma'aikata ce dai ba a buɗe wa jama'a, wannan yana min ciwo, amma ba abin da ya hana ka tambaye shi a taro ko zai fito da tasa da kansa. Sannan ka tambayi wa ya saya masa fom, a 2022 fom ɗin gwamna a APC miliyan 50 ne, na shugaban ƙasa miliyan 100, wanda ya biya masa yana jiran a biya shi.

Anti_Hauwa_UnguwarRimi

Barista ka gama magana, amma ku tuna da mu mata don mu ne muka fi cika layi kuma yawancinmu ba za mu je neman EC9 ba. Ni malamar firamare ce, ma'aunina mai sauƙi ne, na san mutum yana haya ɗaki biyu a layinmu, ya riƙe muƙami shekara uku ya fito da gidaje da motocin da albashinsa na shekara talatin ba zai saya ba, ajin da nake koyarwa kuma yara na zaune a ƙasa rufi na yoyo, to ni ba na buƙatar alƙali ya faɗa min. Kuma duk wanda ya aiko min da taliya da atamfa da dubu biyu ana jibi zaɓe ya riga ya gaya min yadda zai yi da baitulmali. Ina faɗa wa matan unguwarmu a islamiyya da gidan biki, wasu su ji wasu su ce Anti yunwa ba ta san wannan ba, kuma wlh ba na iya zaginsu don na san halin da ake ciki, sai dai ba zan daina faɗa ba. Nura ƙanina ka fara da mahaifiyarka da ƙannenka mata.

Nura_Kawo

Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Baba in sha Allahu wannan karon ba zan bar rumfa ba sai an liƙa sakamako, zan ja abokan musun nawa biyu mu tsaya tare. Barista tambaya ɗaya ta rage, shi EC9 ɗin in na je ban tarar an liƙa ba ko an yage ya zan yi?

Barista_Aliyu

Ka rubuta wa INEC takardar neman kwafi, sashe na 29 na dokar 2022 ya ba kowane mutum wannan damar, za ka biya kuɗin da suka ƙayyade su ba ka kwafin da aka buga wa hatimi cikin kwana 14. Ka yi kwafi biyu na takardar neman, su sa maka sitamfi da kwanan wata a ɗaya ka riƙe. Amma ka sani a dokar ta 2022 wanda ya shiga zaɓen fidda gwani tare da shi ne kawai zai iya kai ƙara kan bayanan ƙarya, kai naka shi ne ka karanta ka nuna wa mutanen majalisarku. In za ka rubuta ka yi min magana in tura maka yadda ake tsara ta.