Yaya zan zagaya da Baba da yara a Jos cikin yini ɗaya?

Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Jos. Shawara nake nema, don lissafi ya ƙi fitar mini.

Baba zai zo daga Kano ƙarshen watan nan, kuma yini ɗaya kacal zan samu daga wurin aiki. Yara sun nace sai an kai su Jos Wildlife Park, wanda aka buɗe a 1972, su ga zaki da birai. Matsalar ita ce gwiwar Baba ba ta barinsa doguwar tafiya, wurin kuwa faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 8, ga hawa da gangara. Shin ana barin mutum ya shiga da motarsa har kusa da dabbobin, ko a ƙofa ake ajiye ta? Akwai wuraren zama a hanya?

Shi Baba hankalinsa na gidan tarihi ne, wanda aka kafa a 1952, don ya ga tsofaffin gumakan yumɓu na Nok da kwaikwayon ganuwar Kano da na masallacin Zariya. Gidan zu yana nan kusa, amma yaran sun ce ya yi musu ƙanƙanta, ni ma dai ban ga laifinsu ba.

To da wanne za mu fara? Na fi son safiya, kafin dabbobi su fake a inuwa, sai dai sanyin safiyar Jos da hunturu ba na dattijo ba ne. Magangarar ruwa ta Assop kam na cire ta, hanyar ta yi nisa. Wanda ya taɓa kai tsoho wuraren nan, don Allah ya faɗa mini yadda ya tsara nasa.